Kwano Ɗaya, Hannu Biyu

A zamanin da, a wani ƙauye na masu bin Almasihu, akwai wata al'ada. Kowace Lahadi in an tashi daga sujada, sai kowane gida ya kawo abinci harabar majami'a, a zauna bibbiyu, kwano ɗaya. Ba a buɗe kwano sai an riƙe hannun juna an yi addu'a.

To, akwai wata tsohuwa da akuyar maƙwabciyarta ta cinye mata waken da ta shanya. Tun ranar ta daina gaishe ta. Lahadi ta zo, tsohuwa ta zauna nesa. Wata Lahadi ta zo, ta zauna nesa.

Ran nan tsohuwa ta makara. Kowa ya sami abokin ci, sai maƙwabciyar kaɗai, zaune da kwanonta a rufe. Tsohuwa ta juya za ta koma gida, sai maƙwabciyar ta ce, "Yaya, ba ni da hannun da zan riƙe."

Tsohuwa ta tsaya, ta yi tsaki, ta dawo ta miƙa hannu, fuska a murtuke. Suka yi addu'a, suka buɗe kwano. Ga tuwo, ga miyar kuka, ga nama jingim.

"Ina kika sami nama haka?" in ji tsohuwa.

"Akuyar nan ce, Yaya. Na sa an yanka ta, na ce ko yau Allah zai kawo ki kusa da ni."

Tsohuwa ta ɗauki tsoka, ta tauna, ta tauna, har dariya ta ƙwace mata. Ta tura babbar tsokar gaban maƙwabciyar.

"Ashe wakena bai tafi a banza ba. Matso, ƙanwata, tuwon zai huce."