Rubutun Bakin Zane

A gidan iyayenta da ke birnin Darussalam, Mwanaidi tana naɗe tsarabar da za ta kai wa mahaifiyar saurayinta, Shomari, a tsibirin Kwale. Zanen kanga ne shuɗi, irin mai rubutun karin magana a bakinsa, wanda ta saya a gurguje.

"Kin karanta rubutun bakinsa?" in ji mahaifiyarta.

"Haba Mama! Kalar ce ta burge ni. Shomari na jirana a tasha!"

"Matan tsibiri fa da zane suke magana."

Ba ta tsaya ji ba.

Tsibirin shiru yake, babu mota, babu hon, sai motsin ruwa da mata masu shanyar kifi. Mahaifiyar Shomari, wadda ake kira Bi Zuhura, tana da dalilin tsoron birni, domin babban ɗanta ya auri 'yar can, ko da sallah bai ƙara leƙo ta ba. Ta karɓi tsarabar, ta miƙa wa Gwaggo Mwajuma, ƙanwar marigayi mijinta. Ita kuwa ta warware zanen a gaban matan gida, ta karanta da ƙarfi:

"'Abin da na riƙe ba na saki.' Iye! 'Yar birni ta zo da sammaci! Zuhura, ɗa ya tafi, sai ki nemi kyanwa ki yi raino!"

"Wallahi ban karanta ba! Sori, Mama — kuskure ne!" in ji Mwanaidi.

Bi Zuhura ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta ɗauro wani zane, ta zauna inda kowa zai ga bakinsa: "Wanda ruwa ya kawo, ruwa ke mayar da shi."

A bakin teku Mwanaidi ta fashe da kuka.

"Ka yi magana mana, Shomari!"

"In ce me? Ni kaɗai na rage mata. Ba zan aure ki ba da yardarta ba — kuma ba zan auri wata ba."

"To ni zane ya riga ya faɗi tawa."

Shomari ya bar aikinsa na birni, ya koma kamun kifi kusa da tsohuwa. Ƙannen Mwanaidi suka yi aure, manema suka gaji suka watse. Kowace sallah takan hau kwalekwale ta je ta durƙusa ta yi gaisuwa; a shimfiɗa mata tabarma, a ba ta ruwan kwakwa, amma tsohuwa ba ta taɓa ambaton sunanta ba. Haka aka yi ta yi har furfura ta fito mata a goshi.

Ranar da Bi Zuhura ta rasu, Mwanaidi ta iso ana fito da gawa. An rufe makarar da zane, bisa al'adar jana'izar mata. Shuɗin nan ne, ko karin ninkinsa bai baje ba.

Gwaggo Mwajuma ta kama hannunta, tana hawaye.

"Ita ta ce a rufe ta da shi, 'yata. Ta ce, 'Yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Ni ce na kasa buɗe baki.' Ni kuma da na fara tsokanar, ki yafe mini."

Bayan arba'in aka ɗaura auren, babu guɗa, babu kiɗa. Allah bai ba su haihuwa ba. Lokacinta ya wuce suna jira.

Haƙuri ya biya Mwanaidi, amma bai mayar mata da ƙuruciyarta ba. Yaro ya duba abin da zai miƙa wa manya. Babba kuma, idan zuciyarsa ta yafe, ya faɗa da bakinsa tun yana numfashi, kada ya bar wa makara saƙon.