Tsohuwar Duwatsun Khaibar

"Ba zan sauka ba, Iya!" in ji Sabuwa daga bayan babur ɗin yayanta Lurwanu.

Tare da abokansa suka taso daga Khaibar za su Madina, sai baburansu suka mutu a saman duwatsu bayan magariba. Wata tsohuwa ta tare hanya. Iska na kaɗawa, amma mayafinta ko motsi ba ya yi.

"Sauko, jikata, mazan su wuce."

Tsohuwar na gaba, amma a ƙeyar Sabuwa muryar ta fito.

"Yalla, Yaya, tayar mana!"

Babur ya ƙi. Wasu yatsu masu sanyi suka shiga ɓamɓare hannuwanta daga ƙugun Lurwanu. Ta ƙanƙame shi har asuba, sannan babur ya tashi.

Ta iso gida, amma yatsunta ba su sake miƙewa ba. Ko alƙalami ba ta ƙara riƙewa ba.