Wanda Inna Mero Take Kira

Ranar wata Laraba ce, gab da magariba. Kaji sun fara shiga akurki, Sharifa tana kwashe tuwo a tsakar gida, mijinta Hambali kuma ya dawo daga aiki ke nan. Ya jona kayan aikinsa a caji, ya yi alwala, ya wuce masallaci. Babu wanda ya lura da lokacin da 'yarsu Na'ima ta shige ɗakin.

Kayan aikin nan wani irin tabarau ne mai kauri, wanda ake ɗaura wa mutum ya rufe masa ido da kunne, sai ya ji kamar an ɗauke shi an kai shi wani wuri. Wata ƙungiya ce ta ɗauki Hambali yana zagaya ƙananan asibitocin Birnin Kudu da Gwaram, yana koya wa ma'aikata haƙuri da tsofaffi da masu lalurar ido. Duk wanda aka sa wa tabarau, sai ya tsinci kansa zaune kan tabarma a ɗakin wata tsohuwa mai yanar ido, yana ganin duniya dishi-dishi yadda take gani, mutane suna wucewa ta ƙofa babu mai leƙowa. Minti biyar kacal, amma ƙarti majiya ƙarfi sukan cire shi suna share ido. Wasu har su ce Allah wadaran ɗan da ya bar tsohuwar nan ita kaɗai. Hambali ya gyaɗa kai ya ce, "Ai shi ya sa aka ce jiki ya fi kunne ji."

Abin da bai taɓa faɗa musu ba, tsohuwar nan mahaifiyarsa ce, Inna Mero, kuma ɗakinta ne na ƙauyensu, Zandam. Shi ya kafa kyamara a gefenta, ya kunna, wayarsa ta yi ƙara ya fita amsawa, daga nan hira ta ja shi har zaure, kyamara tana ta ɗauka. Wani abokin aiki ne ya yanko minti biyar na farko don koyarwa, sauran yana nan cikin na'urar, ba a taɓa kallonsa ba. Inna ta rasu da damina, an sa wa ɗakin kwaɗo. Shi kuwa malamin tausayi, wanda ya ɗaura wa mutum ɗari tabarau, bai taɓa ɗaura wa kansa ba.

Sharifa tana cikin kwasar tuwo ta ji muryar Na'ima daga ɗaki ta ce, "Na'am."

"Da wa kike, ke?"

"Inna ce take kira."

Mara ta suɓuce daga hannun Sharifa. Ko yaron goye a ƙasar nan an gargaɗe shi, ba a amsa kiran da ba a ga mai yinsa ba, balle da almuru. Kafin ta miƙe, dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin, ya gangaro a hankali ya tsaya. Na'ima ta cire tabarau, ta juya fuska wajen ƙofa.

"Umma, an ɗauke wuta ne?"

Ƙwan lantarki yana ci a saman kanta.

Da asuba idon ya dawo, aka yi hamdala. Da magariba ya sake tafiya. Haka aka shiga yi kullum, sai dai duhun yana ƙara sammako: yau da kiran salla, jibi rana ba ta gama faɗuwa ba, kafin mako biyu tun la'asar yarinya ke laluben bango. Likita ya haska, ya auna, ya ce lafiyar idon ƙalau. Hambali ya ji da ma ciwo aka samu, don ciwo yana da magani.

Jifa kuma bai fasa ba. Rana na yin ja, duwatsu za su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa, kamar mai jifan ba shi da wani aiki. Maƙwabta suka hau katanga suka duba, ba kowa. Daga baya aka soma jin ƙwanƙwasar sanda tana bin gindin bango, ta zo ƙofar ɗakin Hambali ta tsaya. Ya san sandar. Masu shigowa ɗiban wuta da aron turmi suka ɗauke ƙafa. Hambali ya kulle tabarau a akwati, ya yi sadaka, ya sa aka yi sauka, abu ya ƙi. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa tana neman bakinta da loma, tsoro da tausayi suna cin sa, kuma babu abin da zai iya.

Ranar Juma'a ta uku aka ɗauko Malam Salihu daga Surko, dattijo mai ƙarancin magana wanda ya daɗe yana ruƙiyya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, Sharifa ta riƙe Na'ima, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta miƙe har ta rufe su. Can jikin yarinyar ya sandare, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, wata murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyar Mero ce. A tsamiyar bayan ɗakinta nake, tun tana amarya."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ta amsa kiran da ba nata ba."

Malam ya ce zalunci ne, ta ji tsoron Allah ta fita, kuma kada ta sa ran zakara ko turare, ba ya ciniki da shirka. Muryar ta yi wata gajeriyar dariya.

"Ka riƙe zakaranka. Ni ƙara na kawo. Mai ɗaki ta mutu, an kulle ɗaki, amma kullum baƙi suna faɗo mana ba sallama. Su zauna a gurbinta, su yi kuka, su tashi su je su ci shinkafar bita. Wane gida ake shiga haka? Shi kuma wanda take yi wa magana, ko sau ɗaya bai zauna ba."

Fuskar Na'ima ta juyo wajen ubanta, da idanun da ba sa gani.

"Ya sa abin nan ya zauna har ƙarshe, ba mintinsa biyar ba. In ya gama a rufe ƙofar, kada wani ya ƙara shigowa. Kuma duk abin da ya ji, kada ya amsa. Ranar bai amsa ba, yau ma ba zai amsa ba. In ya buɗe baki, na zauna, idon yarinya kuma ya tafi ke nan."

Malam ya ja carbinsa. Sa'an nan ya ce wa Hambali a hankali, "Aljani maƙaryaci ne, kuma matacce ba ya dawowa. Amma sauraron maganar uwa ba saɓo ba ne. Ɗauko."

Hambali ya ɗaura tabarau. Ɗakin ya rufe shi: hasken ƙofa fari-fari kamar an shafa koko, kukan akuya, takun masu wucewa. Ya ji ƙarar wayarsa, ya ji takun kansa yana fita. Minti biyar suka wuce. Sai Inna ta gyara zama a gefensa, kusa ƙwarai, har yana jin numfashinta.

"Kai, kana nan ko?"

Shi ɗan fari ne. Tun da ya zo duniya ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunya. Sai dai ta ce kai, ko wannan, ko mutumin birni. Ta ci gaba da hira, a zatonta yana zaune yana aikinsa. Ta ce ta ajiye masa daddawa a cikin kwalla. Ta ce ɗakin yana yoyo ta kusurwar gabas, amma kada ya damu, tana matsar da tabarma. Ta ce in ya samu sarari ya kawo mata Na'ima ta shafa fuskarta, ta ji ko ta yi girma. Ta yi tambaya, ta jira. Ta sake yi, ta jira.

"Ashe ka fita," in ji ta. "Ba komai. Aiki ne."

Sa'an nan, da ta tabbata babu mai jinta, ta sassauta murya kamar mai ɗanɗana wani abu.

"Hambali."

Amsar ta taso masa tun daga ciki. Ya danne bakinsa da hannu biyu.

"Hambali."

Daga baya Sharifa ta ce ta ga jini yana bin tsakanin yatsunsa, don leɓensa ya ciza. Inna ta kira na uku, ta ɗan yi dariya ita kaɗai, hoton ya ɗauke.

A tsakar gida Na'ima ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ladan yana kiran magariba lokacin da ta ɗaga kai ta ce, "Umma, me ya samu bakin Baba?" Sharifa ta rungume ta tana kuka. Dutse bai sake sauka a gidan ba.

Saura rufe ƙofa. Babu wani wuri a duniya da muryar Inna Mero ta rage sai cikin na'urar nan da kwamfutar ofis. Hambali ya dubi Malam, Malam ya dubi Na'ima. Da yatsansa Hambali ya goge hoton da ke na'urar, washegari ya je ofis ya goge na kwamfutar.

Ranar Lahadi ya hau babur ya tafi Zandam. Kwaɗon ya yi tsatsa, kusurwar gabas ta zube, tsamiya tana nan tsaye a bayan ɗaki. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya jira. Ya sake yi, ya jira. Wata mata mai wucewa da tulu ta tsaya ta ce, "Bawan Allah, ai mai ɗakin ta rasu." Ya ce ya sani, ya yi sallama ta uku.