Na'urar CD da Faifan Yawuri

Rumfa ta biyar ke nan da Ikilima ta leƙa a bayan tashar Nyanya, amsa ɗaya kuma ake ba ta. Wani ma dariya ya yi. "Madam, CD kuma? A wannan zamanin? Sayi fulash mana!" Ta gaji, gumi ya jiƙa mata mayafi. Har ta juya za ta nemi motar gida, sai ta hango wata 'yar rumfa cike da tsofaffin rediyo da lasifikoki, an jera su tsaf.

Mai rumfar wani dogon saurayi ne, ya sunkuya yana liƙa waya da dalma. Ta yi sallama, ya ɗago, suka haɗa ido. Sai da ƙarfen da ke hannunsa ya ɗan ƙona masa yatsa sannan ya tuna da shi.

"Sannu," ta ce, tana danne dariya.

"Ba komai, Hajiya. Sunana Zakariyya. Me ake nema?"

Ta yi masa bayani. Mahaifinta, Alhaji Abdulmajeed, ya yi shekara talatin yana aikin naɗar sauti a gwamnatin tarayya kafin ya yi ritaya. Ya zagaya ƙauyuka yana naɗar waƙoƙi da hirar tsofaffi, daga baya ya mayar da nasa kason kan faifan CD. Babbar na'urarsa ta mutu wata uku da suka wuce, an rasa mai gyara ta. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan lasifikokinsa dai lafiya lau suke. Tun daga lokacin Abba ya daina fara'a.

"Kina da hoton bayan amfilifayar?"

Ta miƙa masa wayarta. Ya ƙura wa hoton ido, sannan ya fito da ƙananan na'urorin CD guda uku, irin na sakawa a jaka, ya jera a gabanta.

Ikilima ta nuna ta tsakiya, sabuwa fil mai sheƙi. "Wannan ta yi kyau."

"Ta yi kyau a ido," ya ce a hankali. "Amma duba gefenta. Ƙofa ɗaya ce, ta abin sawa a kunne. In aka haɗa ta da amfilifaya, sautin zai fito da shuu a ƙarƙashinsa, in an ƙure kuma ya fashe. Wannan ta farkon ba ta karanta faifan da aka naɗa a gida, irin na Baba." Ya ɗauki ta ukun, tsohuwa, duk murfinta ya goge. "Wannan ƙofa biyu gare ta. Ƙofa ta biyun ba ta taɓa sauti, ba ƙari ba ragi, yadda yake a faifai haka za ta miƙa wa amfilifaya. Tana cin batir, tana kuma aiki da adafta. Kin zo da faifai?"

Ta zaro ɗaya daga jaka. Ba rubutu a kansa sai lamba sha bakwai. Zakariyya ya riƙe shi ta gefe-gefe, ya saka, ya jona waya mai kai ja da fari a amfilifayar rumfarsa, ya danna.

Da farko ruwa suka ji. Ruwa mai faɗi, yana dukan gefen kwalekwale. Sai filafilai suka shigo, suna faɗawa tare, suna tashi tare. Can sai wata murya ta ɗaga, ta namiji, mai kauri da sanyi, mutane da yawa suka amsa masa daga nesa.

Tsigar jikin Ikilima ta tashi. Ta sha jin wannan faifan tun tana ƙarama, amma yau sai ta ji kamar ƙasan rumfar na lilo da ita. Mai lemo da ke wucewa ta tsaya da tire a ka. Wani kwandasta ya bar kiran fasinja ya leƙo. Ga hon ɗin motoci, ga hayaniyar Nyanya, amma kogi ya danne su duka.

Ta dubi Zakariyya, ta ga idonsa ya cika da ƙwalla.

"Yawuri ce," ya ce. "Garinmu ne. Waƙar masu tuƙin jirgi ce. Rabon da in ji ta tun ina ɗan shekara tara."

Da za ta tafi ya karɓi lambarta, wai ko haɗawar za ta ba su wahala. Kafin ta isa Lugbe saƙo ya shigo.

"Hajiya, ja a ja, fari a fari. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙasa na hana tsalle, ki kashe shi, yana rage wa sauti daɗi. Allah ya sa kin isa lafiya."

Ta amsa: "Na isa. Ya yatsa?"

"Yatsa ya warke. Mai yatsan ne dai bai dawo daidai ba."

Ta kifa wayar a cinya tana murmushi.

Ranar Asabar Zakariyya ya zo Lugbe da doguwar waya mai kyau. Alhaji ya zauna a kujerarsa yana kallon 'yar na'urar da raini. Amma da ruwan nan ya cika falo, sai ya rufe ido, ya daɗe bai motsa ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Har kukan tsuntsun nan na hagu ya fito. Yaro, wa ya koya maka zaɓe?"

"Kunne ne kawai, Baba."

Alhaji ya ba shi labarin faifan. Ya naɗi waƙar ne a kan kogi shekara talatin da ɗaya da suka wuce, littafin da ya rubuta sunayen mawaƙan kuma ya faɗa ruwa a ranar. "Na naɗi muryar mutum ban san sunansa ba. Abin yana damuna har gobe." Ganin yadda yaron ke sauraro, ya ba shi kwafin faifan kyauta.

Daga nan zuwan Asabar ya zama al'ada. Saƙonni kuwa ba Asabar ba Lahadi. Daga Hajiya ya koma kiran ta Iki, daga Iki ya koma Sanyin Idona. Ita kuma ta yanke sunansa, ta mayar da shi Zakina.

"Zakina, ka ci abinci?"

"Na ci. Amma na zuba gishiri a shayi, ina tunanin wata 'yar Lugbe."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, ya shirya mu tare a gida ɗaya."

Wata biyar ana haka, Zakariyya ya turo kawunsa neman izini. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya sallame shi ba amsa. Da baƙon ya fita ya kira Ikilima.

"Ina son yaron nan, Allah ya sani. Amma ke kina da digiri biyu, kina aiki a ma'aikatar lafiya. Shi kuma rumfa ce a bayan tasha. Ban san danginsa ba, ban san asalinsa ba. Ga Tawfiq ɗan abokina yana ta zarya."

"Abba, ka san halinsa ai."

"Na san kunnensa. Ba zan tilasta miki kowa ba, amma wannan ban amince ba."

Tawfiq ba mugun mutum ba ne. A Maitama ya tashi, yana da fara'a da kyauta. Ranar da ya zo gaisuwa ya ga 'yar na'urar a kan amfilifaya, ya yi dariya. "Abba, wannan tsohon abin fa? Bari in sa a juye komai a waya, a zubar da tarkacen nan." Alhaji dai ya sauya magana.

Ikilima ta rubuta wa Zakariyya abin da Abba ya ce, tana kuka. Amsarsa gajera ce.

"Baba yana da gaskiyarsa. Kada ki yi masa musu. Zan yi tafiya."

Shi ke nan. Ta kira, waya a kashe. Kwana uku, kwana biyar. Ta je Nyanya ta tarar da rumfa a rufe. Prudence mai sayar da katin waya a gefe ta ce, "Oga Zakari ya tafi gida, bai faɗi ranar dawowa ba." Ikilima ta koma da zuciya a dagule. Ashe haka son nasa yake, daga a'a ɗaya ya tattara ya gudu? A kwana na takwas ta rubuta: "Na gode da ka nuna min matsayina." Saƙon ko shiga bai yi ba.

Kwana na sha ɗaya, bayan la'asar, aka yi sallama a ƙofa. Zakariyya ne, ya rame, rana ta ƙona shi. Ikilima ta kawar da kai. Ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Saƙo aka ba ni. Tun ranar da ka ba ni labarin mawaƙin faifan nan na yi niyyar tafiya, da na ga ƙila zuwana gidan nan ya ƙare sai na ce bari in cika. Sunansa Malam Saleh Ɗangoggo. Yana raye."

Alhaji ya miƙe zaune. "Wa?"

Zakariyya ya ce ya ɗauki wata 'yar na'ura irin tasu da batura da ƙaramar lasifika, ya bi tsibirai ɗaya bayan ɗaya a kwalekwale, inda ko sabis babu, yana kunna wa tsofaffi faifan. A tsibiri na shida wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce muryar yayanta ce.

Ya miƙa wayarsa. A hoton bidiyon ga wani tsoho makaho zaune a kan tabarma, 'yar na'urar a cinyarsa. Muryarsa ta samartaka na fita daga lasifika, shi kuma yana shafa murfin. Sai ya buɗe baki ya bi waƙar. Murya biyu, ta mutum ɗaya, shekara talatin da ɗaya a tsakaninsu. Jikoki sun kewaye shi baki buɗe. Da aka gama ya ce, "A gaida min mutumin Abuja mai baƙar jaka. Na ɗauka ruwa ya tafi da ranar nan."

Alhaji ya cire tabarau. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. "Allahu Akbar," yake ta faɗi. "Allahu Akbar." Ikilima ba ta taɓa ganin mahaifinta yana kuka ba. Ta dubi Zakariyya, kunyar saƙon da ta tura ta rufe ta.

Da ya fita ta bi shi bakin ƙofa. "Zakina, in saƙona ya shigo kada ka karanta."

"Ya shigo a hanya, Sanyin Idona. Ni ne da laifi da na tafi ban yi miki bayani ba. Ki yafe min."

Sati biyu bayan haka Alhaji da kansa ya ce a kai shi Yawuri. Ya gaisa da Malam Saleh, suka riƙe hannun juna kamar tsofaffin aminai. Ya kuma sauka gidan su Zakariyya, ya ci tuwo da kifi, ya ga yadda gari ke girmama mahaifinsa. Da ya dawo ya ce wa matarsa, Hajiya Safiyatu, "Ki gaya wa 'yarki su turo." Tawfiq da ya ji labari ya kira ya yi fatan alheri.

An ɗaura auren wata Juma'a a masallacin unguwarsu a Lugbe. Mutanen Yawuri suka cika bas biyu, 'yan rumfunan Nyanya suka zo da sababbin shaddodi. Da yamma, kafin a tafi da amarya, Alhaji ya sa aka kawo su gabansa. Ya ɗora hannun dama a kan Ikilima, ya kamo hannun Zakariyya da ɗayan.

"Na so in yi kuskure, Allah bai bar ni ba. Ga ta nan, amana ce. Ki bi shi, ka riƙe ta. Allah ya sa albarka a gidanku, ya ba ku zuri'a tagari, ya sa ku tsufa tare kuna dariya."

Falon ya ɗauka da amin. Ikilima na kuka a cikin mayafi, amma duk da haka ta tsinkayi muryar mijinta a cikin taron. Tasa amin ɗin ta fi ta kowa ƙarfi.