Tafiyar Karima Zuwa Yamai

Abdullatif direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar tattasai. Shekarar korona, da motocin fasinja suka daina zuwa Yamai, wata ƙungiyar matan Diffa ta roƙe shi ya riƙa ɗauko wa yara masu ciwon daji magani. Haka ya tsaya ƙofar gidan Malam Grema, 'yarsa Fatime ta fito karɓar saƙo, ya manta sallamar da ya shirya.

Sai ga ƙanwarta Karima, kai babu gashi, fuska da takunkumi, ta miƙo masa ruwa da hannu biyu. Gogan naku ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta koma ciki. Malam Grema yana zaure, ya ga komai.

Da yamma saƙon Fatime ya shigo wayarsa: "Mun gode da magani. Ciwonta ba ya yaɗuwa. Takunkumin don kada mu shafa mata wani abu ne. Maƙwabta sun guje mu, amma ban zata har da kai ba."

Kunya ta hana shi cin abinci. Ya rubuta ya goge, daga ƙarshe ya tura: "Fatime, jahilci ne. Ki yafe mini."

"Ba ni ka yi wa ba," ta amsa.

Duk da haka hira ta ɗore, har ya koma kiranta Fatina, ita kuma tana ce masa Sarkin Tsoro, yana amsawa don ya san ya ci sunan. Amma da kawunsa ya je neman aure, Malam Grema ya ce, "Wanda ya guji ƙaramar, ba zan ba shi babbar ba."

Ana haka jikin Karima ya tsananta, likita ya ce sai Yamai. Da takardar izinin tafiya ta fito, Abdullatif ya kawo motarsa ya tsaya kansa a ƙasa. Babu wata motar, dole tsohon ya hau da Karima.

Suka kama hanya har suka wuce Damagaram. Can Karima ta yi amai ta ɓata masa riga. Ya tsayar da mota, ya wanke mata fuska, ya durƙusa.

"Karima, ranar nan na yi miki wulaƙanci. Ki yafe wa yayanki."

"Ai na saba," ta ce.

Maganar nan ta karya masa zuciya, ya yi kuka a gaban mutumin da yake neman 'yarsa. Malam Grema ya juyo ya dube shi.

"Ɗana," ya ce a hankali, "ni da na haife ta, ranar da gashinta ya zube kasa shiga ɗakinta na yi. Kunyata na huce a kanka. Ka sake turo kawunka."

An ɗaura aure bayan girbin tattasai, ba taro, sai 'yan uwa. Karima tana kan magani har yanzu, amma ita ta riƙe hannun amarya har ƙofar ɗaki.

"Fatina," Abdullatif ya ce, "ban cancance ki ba."

"Na sani, Sarkin Tsoro," ta ce tana murmushi. "Karima ce ta ce in zo."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba Karima sauƙi.