Kwalin Tuffar da Keigo Ya Mayar

Ranar da Chizuru ta fara ganin Keigo, takardunta ya mayar mata. A ofishin ƙaramar hukuma ne, teburi na huɗu, inda ƙungiyoyi ke neman tallafi. Ta zo da fom ɗin da mahaifinta, tsoho Genzo, ya cike da hannunsa, yana neman kuɗin gyaran babbar gangar unguwarsu da fatarta ta yage, ga shi bikin kaka saura wata biyar.

Saurayin ya karanta, ya gyara tabarau, ya ce cikin ladabi ba zai iya karɓa ba. Da sunan ɗakin bautar unguwa aka rubuta, ƙaramar hukuma kuwa ba ta sa kuɗinta a harkar ibada.

"To gangar ce ke ibada?" in ji Chizuru. "Yara talatin ne ke koyon kiɗa a kanta."

"Ai kin ga, abin da za ki rubuta ke nan," ya ce, kunnuwansa sun yi jajir.

Ya jawo mata kujera ya shiga bayani, kai ka ce karatun jarrabawa. Akwai ƙungiyar sa-kai, akwai ta unguwa, akwai ta addini, kowacce da ƙofarta. Tallafi daban, kwangila daban: a tallafi aikinku ne muke sa wa hannu, a kwangila aikinmu ne kuke yi mana. Sannan akwai kason ƙungiya, wato rabin kuɗin daga aljihunsu zai fito. Makaɗan su tsaya da sunansu da hatiminsu, shi ke nan.

Chizuru ta fahimci komai tun a zaman farko, yarinyar ba ta da duhun kai. Amma sau biyar tana komawa tambayar mene ne kason ƙungiya, shi kuma sau biyar yana maimaitawa kamar bai taɓa faɗa ba. Ma'aikatan teburi na uku har sun daina ɓoye dariya.

Keigo mutum ne mai tsoron ƙa'ida, don haka da kansa ya gaya wa shugabansa halin da zuciyarsa ke ciki, aka miƙa hukuncin ga kwamiti. Tallafin ya fito. A ranar Keigo ya turo mata saƙonsa na farko:

"Chizu, an amince. Ina neman izinin shigar da wata buƙatar, amma ita ba ta da fom."

Ta amsa: "Malam Teburi na Huɗu, kawo ta da bakinka. Rabin daga gare ni zai fito."

Aka yi bikin kaka, ganga ta yi ƙara har tsaunin bayan gari. Genzo, wanda ya shekara talatin yana jagorantar makaɗa, ya lura da inda idon 'yarsa ke zuwa a cikin taro. Shi ba mai magana ba ne. Sai ya shiga gonarsa ya tsinko tuffa goma sha shida daga bishiyar da ya dasa shekarar da aka haifi Chizuru, wadda bai taɓa sayar da ko ɗaya daga 'ya'yanta ba. Ya jera su a kwali ya aika gidan Keigo. Duk wanda ya san tsohon ya san amincewarsa ke nan.

Keigo bai sani ba. Washegari kwalin ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba, an manna masa wasiƙar ofis da aka buga da inji, mai cewa ma'aikaci ba ya karɓar kyauta daga wanda ya ci tallafi. Kai, wannan yaro!

Genzo ya karanta, ya ɗauki kwalin ya kai ɗakin sanyi inda ake ajiye tuffa. Da ya fito ya ce wa Chizuru, "'Yata na ba shi, ya mayar min da ita. Kada in ƙara jin sunansa."

Ta yi kuka, ta ji haushi, ta rubuta wa Keigo: "Ka san abin da ka mayar kuwa?"

Amsarsa ta zo da sauri: "Chizu tawa, yanzu na sani, kuma na kasa cin abinci. Da na karɓa, masu bincike za su iya cewa a mayar da kuɗin ganga, sunan Baba ya ɓaci. Laifina shi ne wasiƙar. Ki ba ni zuwa watan huɗu."

Lokacin sanyin nan ya yi mata tsawo. Ga Masaru, ɗan mai kamfanin gyaran hanya, ya fara zarya gidan yana neman aurenta, yau kifi, gobe alkawarin sabuwar ganga. Shi kam ba ya mayar da kyauta, har ƙari yake nema. Genzo ya dinga zaunar da shi cin abinci, Chizuru kuma ta dinga zuba masa shayi fuskarta a ɗaure. Tsoronta ɗaya, kada mahaifinta ya furta wa Masaru wata magana, don in ya furta ba ya janyewa.

Ranar ɗaya ga watan huɗu ake sauya wa ma'aikata wuraren aiki. Ranar Asabar da ta biyo baya, da hantsi, Keigo ya iso gonar cikin baƙar kwat, takalminsa duk taɓo. Ya durƙusa gaban Genzo a ƙofar ɗakin sanyi, goshinsa a ƙasa. Ya ce shi ya roƙa a mayar da shi sashen kwashe shara, ya bar teburin da ake samun ƙarin girma. Yanzu babu komai tsakaninsa da tallafin kowa.

"Baba, na zo karɓar kwalina, in har yana nan."

Chizuru na bayan ƙofa, ta danne bakinta da hannu. Can tsohon ya shiga ciki ya fito da kwalin, wasiƙar na manne yadda ta zo. Ashe wata biyar yana juya shi yana duba sanyinsa.

"Sun ɗan yamutse," ya ce. "Jira ne ya yi musu yawa."

Keigo ya ɗauki ɗaya ya gatsa, hawaye na zuba a kan tabaransa. Ya ci ta biyu, ya ci ta uku. Yana miƙa hannu ga ta huɗu tsohon ya riƙe shi.

"Ya isa haka, ɗana. Ka rage wa matarka."

Da kaka aka ɗaura auren, yaran nan talatin suka buga babbar ganga, Genzo ya sa wa ango da amarya albarka. Wasiƙar kuwa Chizuru ta sa ta a firam ta rataye a kicin, duk ranar da angon ya yi mata gardama sai ta nuna masa ita da cokali. Allah ya bar su tare.