Wuƙar da Na Sa Majken Ta Cire

Kiran shanu ɗaya ya rage mu kammala faifanmu na uku. Mu huɗu ne a ƙungiyar: mai jita, mai ganga, ni mai kaɗa tsohon ogan, abin kiɗa irin na coci mai numfashi kamar na mai asma, sai ƙanwata Majken. Waƙoƙinmu dogaye ne, wata ta kai minti ashirin, kiɗa irin na gogen ƙauyukan yankinmu na Jämtland yana kuka a ƙarƙashin jita. Amma gaskiya ba don mu ake cika zaure ba. Don Majken ake zuwa, wadda ta gaji kiran shanu wurin kakarmu, kiran nan mai tsini da mata ke yi daga wannan dutse ya kai wancan.

Ni ke ɗaukar sautinmu, kuma taurin kaina ba ya da magani. Na ce amsa-kuwwar na'ura ƙarya ce, ta dutse nake so. Na ja Majken muka hau tsohuwar rugar Kaka a tsakiyar Oktoba, da yamma lis.

"Sixten, an sauko da shanu tuni," ta ce a hanya. "Kaka ba ta taka nan bayan an sauko. Wurin na mutanen ɓoye ne sai wata bazarar."

"To su zo su yi mana amshi, ba sai mun biya ba."

"Wannan bakin naka shi zai ja mana."

Rugar na warin jiƙaƙƙen gansakuka da tsohon hayaƙi. Ba tsuntsu ko ɗaya. Na kafa makirufo, na sa abin ji a kunne, ta ja numfashi. Sai na ji kas, kas. Ƙaramar wuƙar da ke rataye a ƙugunta ce ke bugun ɗamara.

"Cire wuƙar nan, tana ɓata min sauti."

"Ta Kaka ce. Ba a kira babu ƙarfe a jiki, shi ke kare mutum daga mutanen ɓoye, ka sani."

"Minti biyu, Majken. Kin zama tsohuwa tun ba ki kai talatin ba."

Ta harare ni, ta cire. Na jefa a aljihuna.

Ta yi kira. Ban taɓa jin ta haka ba. Muryar ta tsaga kwarin, dutsen gabas ya mayar, na yamma ya mayar.

Sai kira na uku ya zo. Wannan ba nata ba ne. Ya fi nata kauri, ya kuma ƙarasa waƙar da wata gaɓa da ba ta yi ba.

Ƙararrawa irin ta wuyan shanu ta kaɗa a cikin itatuwa. Wata ta amsa. Warin madara mai ɗumi ya cika min hanci.

"Sixten," ta raɗa. "Sun zo."

Shanu ne farare, ƙanana, ba ƙaho. Suna taka busassun ganye, ganyen ba ya ƙara.

Majken ta sake buɗe baki. Idonta ba ya ƙiftawa. Ta fara takawa wajensu, muryarta da waccan sun haɗe.

Abin da ya fi cin raina ke nan: wuƙar na aljihuna, na san abin yi, amma ban motsa ba. Sautin ya yi kyau. Daƙiƙa arba'in na tsaya ina ɗauka.

Sai da ta kai bakin itatuwa na jefa wuƙar ta saman kanta, yadda Kaka ta ce ana yi.

Tsit. Shanun suka ɓace.

Ta faɗi. Na saɓe ta na gangara, ban waiga ba.

Tun daga ranar, Majken na magana, tana dariya, tana zagina kamar da. Amma in ta buɗe baki za ta yi kira, iska ce kawai ke fita. Likitoci uku sun ce maƙogwaronta lafiya ƙalau. Faifan bai fito ba, ƙungiyar ta watse.

Da bazara ta ce in raka ta rugar ta ɗauko wuƙar da muka baro a can. Muna tsaye, rana tsaka, kira ya taso daga can ƙetaren kwari. Muryarta ce, ba ko shakka. Ita kuwa tana gefena, bakinta a rufe, hawaye na zuba.

"Ka ji?" ta ce. "Tas ya fito. Ba ƙarar wuƙa."